Inshorar da Ba a Tambaya a Hanya

"Ajiye makullin nan," in ji Baba Isa, dattijon Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Mansura ta Doha.

Ranar ce aka dawo min da lasisina, bayan an dakatar da shi saboda gudun da kyamarorin titi suka yi ta kama ni ina yi. Gasar Kofin Duniya ta ƙarato, na samu aikin jigilar baƙi, jikina har rawa yake in fita.

Ya ce, "Inshorar motarka ta ƙare tun tana ajiye. Ka sabunta?"

Na ce, "Baba, wa zai tare ni? Tunda na zo Doha ɗan sanda bai taɓa ce min kawo takardu ba."

Ya kurɓi shayinsa. "Ɗana, a nan duk ranar da aka tambaye ka inshora, ka riga ka bugi ɗan wani."

Shi ke nan. Jirgin ƙasa na metro na hau, na je na sabunta.

Shekara da shekaru ina tuƙi a Kano, ban san inshora da wani amfani ba sai nuna wa ɗan sanda. Ku fa, don wa kuke yin taku?