Shunin Baba a Gindin Ƙaho

Ni ba mai magana ba ce. Tun ina ƙarama, idan baƙi suka shigo gidanmu a Mabera, bayan ƙyaure nake laɓewa ina kallon takalman da suka tuɓe, har na iya gane wanda ya zo daga yadda ya take bayan takalminsa. A aji kuwa bencin ƙarshe nake zama, kusa da taga. Malamai da yawa sun gama zango ba su san muryata ba. Ban taɓa ɗaukar ko guntun allin wani ba. Ina faɗin wannan ne don ku 'yan uwana ɗalibai ku san cewa ba sai mai ƙiriniya ke faɗawa inda na faɗa ba.

Babana dillalin raguna ne a Kara, kasuwar dabbobi ta Sakkwato. Ba shi da garken kansa. Fulani da mutanen ƙauye ke kawo masa dabbobinsu su bar masa, su koma gida ba takarda ba shaida, in ya sayar su dawo su karɓi nasu. Abin da ya mallaka a kasuwar nan sunansa ne kawai. Kowane dillali yana da alamar da yake yi wa dabbar da ke hannunsa don kada ta saje da na wasu. Wani jan fenti a gadon baya, wani kore a goshi. Baba shuni yake dangwalawa da babban yatsa a gindin ƙahon hagu, alamar da ya gada wurin mahaifinsa, shi ya sa ake ce masa Malam Mai Shuni. Cikin wani tsohon gwangwanin madara yake ajiye shunin, a kan katangar zaure. Yatsansa kullum shuɗi ne, ko ranar Juma'a.

Ina aji biyu na babbar sakandare aka kawo mana sabon malamin kwamfuta. Shi ya nuna mana cewa ba sai mutum ya gina shafin intanet daga tushe ba. Akwai wani kundi da wasu suka riga suka haɗa, mai ɗauke da maɓallai da akwatuna da launuka, sai dai ka ɗauko ka jera. Tare da shi akwai 'yan ƙananan umarni da ake maƙalawa a gindin shafi su ba shi motsi, Malam yana ce musu fulogin. Wani yana sa hotuna su riƙa juyawa da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Wani yana sa taga ta faɗo tsakiyar allo idan an latsa maɓalli. Wani kuma ɗan saƙo ne da ke leƙowa a kusurwa ya ɓace.

Ranar da aka ba mu gwaji, shafin kowa ya ƙi motsi. Ana ta surutu ana cewa kwamfutocin ne suka tsufa. Ni kuwa na zauna ina kwatanta layukana da na Malam, harafi da harafi, har na ga mun sa fulogin ɗin a sama da babban kundin da yake dogara da shi. Na sauko da layin ƙasa. Hotunana suka fara tafiya. Ban ɗaga hannu ba, wadda ke gefena ce ta yi ihu ta kira Malam. Ya tsaya a bayana ya duba, ya tambayi sunana. A ranar na koma gida ina jin kamar an ƙara mini tsawo.

Wanda ya fara cin moriyar wannan shi ne Yaya Nafi'u, ɗan kawuna. Taubashina ne, tun ina yarinya Kurma yake kirana saboda shiruna. Yana da ɗan shagon kayan waya wajen Ƙofar Atiku. Da Inna ta ba shi labari, sai ya ce to Kurma ta zama injiniya, ta zo ta yi masa shafi. Nakan biya bayan an tashi makaranta in zauna a kwamfutarsa. Na yi masa hotuna masu juyawa na caja da marfin waya, ya ji daɗi har ya ba ni tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi.

Bayan haka ya ce in sa masa ɗan saƙon nan mai leƙowa, ya riƙa cewa wani daga Mabera ya sayi caja yanzu-yanzu. Na ce a hankali ai ba wanda ya saya. Ya yi dariya ya ce, "Kurma, ashe kina da baki? Ai kasuwa ke nan. Ko mai tuwo ba ta cewa tuwonta ya kwana." Na sa masa. Daga nan ya nemi agogo mai ƙirga baya da ke cewa rangwame ya kusa ƙarewa, alhali in ya kai ƙarshe sake farawa yake yi. Na sa masa. Sai kalaman yabo na mutanen da babu su, ni ce ma na ƙirƙiro sunayensu daga sunayen 'yan ajinmu. Abin da nake kallo kawai shi ne ko kayan suna motsi daidai, ko taga tana buɗewa sumul ba tare da ta yi tsalle ba. In ta buɗe sumul, sai hankalina ya kwanta.

Da Babbar Salla ta matso, ya zo da sabuwar magana. Ya ce akwai 'yan Sakkwato da yawa da ke aiki a kudu, suna son a kai wa iyayensu ragon layya har gida, mu yi musu shafi su zaɓa su biya. Ya ce wurin Baba zai riƙa sayen ragunan, amma kada in faɗa masa tukuna, sai abin ya kankama a ba shi mamaki. Na so in yarda, sai na yarda.

Ranar Asabar na bi ƙanena kai wa Baba abinci Kara, na ce ina son hotunan raguna don aikin makaranta. Baba ya ji daɗi sosai. Da kansa ya riƙa janyo mini su ɗaya-ɗaya, yana goge musu fuska da gefen rigarsa, yana ɗaga haɓarsu don ƙaho ya fito da kyau. Akwai wani babban fari mai baƙin kunne ɗaya da ya ce in ɗauka da kyau, don ba zai kwana biyu a hannunsa ba.

Shafin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Raguna suna wucewa a sama. In ka latsa ɗaya, taga ta faɗo da lambar asusun da za ka tura kuɗi. A kusurwa saƙo na leƙowa cewa wani ya sayi rago yanzu. Amma ni mai lura ce, kuma na lura. Lambar asusun da Yaya Nafi'u ke ba ni in sa a tagar tana yawan canzawa, kuma babu mai sunansa. Ban taɓa jin Baba ya ce ya gan shi a Kara ba. Ya saya mini sabon hijabi da takalmi, na karɓa, ban tambaya ba.

Na kuma lura da shunin. A kowane hoto yana nan, ɗan ɗigo a gindin ƙahon hagu. Da a ce zuciyata fara ce, da ban damu da shi ba. Abin da na yi shi ne na shiga cikin umarnin na rage lokacin da kowane hoto ke tsayawa, don raguna su riƙa wucewa da sauri, ido ya ga girma da ƙaho, kada ya tsaya kan ɗigon. Duk lokacin da na so in ce wa kaina ban san komai ba, wannan nake tunawa. Wanda bai sani ba ba ya ɓoyewa.

Abin da na manta shi ne, an yi fulogin ɗin ne ya tsaya cak idan aka ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan hoto. Kalma ɗaya ake sauyawa a hana shi. Ni a waya nake gwada aikina, waya kuwa ba ta da kibiya.

Cikin waɗanda suka biya akwai wani mutum da ke aiki a Fatakwal, mahaifiyarsa tsohuwa tana Ƙofar Rini. Daga baya na ji a kotu cewa ta share wurin ɗaure ragon, ta sayi igiya da dusa, ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya aiko. Aka sauko daga idi, ba rago. Mutumin ya buɗe shafin a kwamfutar ofishinsu, ya ɗora kibiya, farin ragon mai baƙin kunne ya tsaya masa. Ya ɗauki hoton ya tura wa wani kawunsa mahauci. Mahaucin bai ko daɗe yana kallo ba ya ce wanga ai shunin Malam Mai Shuni na.

A tsakiyar Kara aka kama Baba, gaban abokan sana'arsa da masu dabbobi. Shagon Yaya Nafi'u kuwa tun jajibirin Salla yake a kulle, wayarsa a kashe, har yau ba mu san inda yake ba.

Ni ba wanda ya dube ni. Wa zai zargi Kurma? Inna tana kuka, maƙwabta suna shigowa jaje, ni ina ɗebo musu ruwa ina jera takalmansu a bakin ƙofa. Kwanaki suka wuce a haka. Shirun da aka saba yabona da shi, shi na fake a bayansa.

Wata rana da hantsi na raka Inna kai wa Baba abinci ofishin 'yan sanda. Aka fito da shi ba hula. Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban mutane ba, ban san furfurarsa ta kai haka ba. Shunin yatsansa ya fara koɗewa. Inna ta juya tana roƙon ɗan sandan da ke kan tebur, sai Baba ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ragon nan mai baƙin kunne, washegari anka saye shi. Ke ɗai kinka ɗauke shi hoto." Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Na sani tun randa sunka nuna min. Ki yi shiru, ɗiyata. Ke mace ta, kina da gaba. Ni na gama nawa."

Ya karɓi kwanon ya zauna a ƙasa, bai buɗe ba.

Sai na wuce gaban teburin. Na ce ni na yi shafin. Ɗan sandan bai ji ba, ya ce in ɗaga murya. Na sake faɗa. Baba ya ce kada a saurare ni, yarinya ce, tsoro ne. Sai na fito da wayar mai tsagaggen gilashi na buɗe musu hotunan, da ranar da aka ɗauke su. Inna ta zauna daɓas a kan siminti.

Saboda shekaruna, gidan gyaran halin yara aka kai ni. Ba a doke ni ba, amma ba na fatan ko maƙiyina ya ga wurin. Tagar ɗakinmu tana can sama, abin da ake hange reshen darbejiya ne kawai, na san shi ganye da ganye. Aka koya mana ɗinki. Wata yarinya da aka kawo kan satar zannuwa ta ji laifina, ta ce ita dai ba ta taɓa sata da sunan ubanta ba. Ba da mugunta ta faɗa ba. 'Yan ajinmu suka rubuta jarrabawar ƙarshe ina can. Baba yakan zo duk ranar ziyara da ƙuli-ƙuli a leda, ya tambaye ni ko ina salla a kan lokaci. Bai taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya.

Da aka sake ni, na roƙi Inna ta kai ni Ƙofar Rini wurin tsohuwar nan. Na durƙusa na nemi gafara. Ta dube ni ta ce ta yafe, Allah ya shirye mu duka. Ta ce ba naman ne ya dame ta ba, yaran unguwa ne da suka riƙa leƙowa suna tambayar ina ragon. Igiyar tana nan rataye a jikin ƙusa, sabuwa, ba a taɓa ɗaura ta ba.

Na tuba ga Allah, kuma ina fatan Ya karɓa. Amma akwai abin da tuba ba ta mayarwa. An wanke Baba a kotu, kasuwa ba ta wanke shi ba. Masu dabbobi suka ce sun san ba shi ya yi ba, amma daga gidansa abin ya fito, suka kai ragunansu wurin wasu. Yanzu igiya yake riƙe wa wani mutum da a da yaronsa ne, Baban ne ke yi wa ragunan mutumin alama da fenti a gadon baya.

Don haka, ku da ake koya wa wannan aiki a makaranta, ku koya, aiki ne mai kyau kuma yana da daɗi. Amma duk maɓallin da kuka sa, akwai mutum a can da zai latsa shi, yana da uwa. Ranar da aka ce ku sa ɗan saƙon ƙarya ɗaya, ko agogon da ba ya ƙarewa, ku ƙi a ranar, tun abin yana ƙarami. In kun ga kanku kuna gyara shafi don kada a lura da wani abu, ku tashi daga gaban kwamfutar ku je ku gaya wa babba. Kada mai kunya ya ɗauka shirunsa zai tsare shi. Nawa a kan Baba ya faɗi.

Gwangwanin madarar yana nan a kan katangar zaure. Na leƙa shi kwanan baya, shunin ya bushe ya tsattsage. Kullum da yamma in Baba ya dawo ni ke zuba masa ruwan wanke hannu, kuma ni mai lura ce. Babban yatsansa yanzu ja ne.