Ranar da Alhaji Ilu Ya Ɗaga Hannu

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Douala ya ci gumin Alhaji Ilu, ko ya sani ko bai sani ba. Taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ni Zaidu ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma iyakarsa ya kira ni bawan gidansu. Gajere ne, ga tumbi kamar ya haɗiye buhu, kuma warin albasa ya kama jikinsa, har in ya shiga sahu a masallaci na kusa da shi sai sun yi hawaye, liman ya ɗauka karatunsa ne ya ratsa su.

Shi fatoma ne, kamar ubansa. Fataken da ke kawo albasa daga Marwa da Garwa a gidansa na unguwar New Bell suke sauka. Shi ke ba su ɗaki, shi ke nemo masu saye, shi ke tsaya musu in an ɗauki kaya bashi, a ba shi la'adarsa. Gidan yana da doka ɗaya da ba a taɓa faɗa wa kowa da baki ba: wanda ya wanke hannu ya sa a tiren tuwon da matarsa Mairama ke fitarwa zaure, to kayansa a hannun Ilu suke. Babu rantsuwa, babu shaida. Ka ci, ka ɗaure kanka. Babban baƙonsa shi ne Hammadu, wani dogon Bafulatani da ya fara sauka a gidan tun gemunsa yana baƙi. In motar Hammadu ta tsaya a ƙofar Ilu, sauran motoci a bayanta suke jeruwa.

Sai ga Nuru, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya yi boko ya koma unguwar Makèpè da zama. Shi da abokansa suka buɗe kamfani, suka ƙera wata manhaja ta waya da ke nuna wa falke farashin albasa tun yana arewa, ta kuma nemo masa mota. Fatake ba su yarda da yaro mai ɗamammen wando ba. Ilu ne ya zaunar da shi a zaure, ya ce musu, "Ɗanmu ne, ku saurare shi." Daga baya har ya sayi ɗan hannun jari a kamfanin. Tun ranar ba mu huta ba. Ko ruwa zai sha sai ya ce, "Mu masu hannun jari ba ma shan na rijiya."

Da aka kira taron shekara na kamfanin a wani otel a unguwar Akwa, ya ce in raka shi, don Faransancinsa na kasuwa ne, nawa kuwa ya kai aji huɗu kafin malamai su gaji da ni. Ranar sama ta yi baƙi ƙirin tun safe, kwatocin New Bell suka cika suka tumbatso. Muka hau bensikin, wato babur ɗin haya, guda ɗaya mu biyu, babbar rigarsa tana kaɗawa kamar tantin biki.

Na ce, "Alhaji, riƙe tumbin nan, yana tura direba."

Ya ce, "Yi shiru, bawa. Yau za ka ga inda manya suke zama."

Ɗakin taron sanyi gare shi irin na inda ake ajiye gawa a asibiti. Kafin a fara aka zagayo da abinci: ɗan nama a tsinke, wanda ko kyanwa za ta raina, da shinkafa a ƙananan faranti. Ilu ya yi bisimilla ya ci, ya ƙara, ya ce ba laifi.

Aka kashe fitilu, aka haska bango. Abu na farko da ya fito shi ne hoton Ilu a zaurensa, tumbin ya cika bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Nuru ya riƙe lasifika ya ce wannan shi ne babansu, ba don shi ba da babu kamfani. Aka yi tafi. Ilu ya miƙe yana juyi yana gaishe da mutane kamar angon da aka kawo wa amarya.

Sai hoto ya canza. Wani ƙaton gini ya fito, a can Bassa, wajen masana'antu. Nuru ya ci gaba da magana, ni kuma ina raɗa wa Ilu da Hausa. Sito ne babba, mai iska, albasa ba za ta ruɓe ba. Motoci daga arewa can za su tsaya. Mai saye zai zaɓa ta waya, ya biya ta waya. Da na zo nan sai na fara tauna magana.

Ilu ya ce, "Kai da kake ƙara wa kowane labari gishiri, yau ragewa kake? Faɗi yadda ya faɗa."

Na faɗa. A saman siton akwai ɗakunan kwana na fatake, da masallaci, da wajen dafa abinci irin na arewa. Falke ba zai ƙara bukatar wani ya tsaya tsakaninsa da mai saye ba. Ilu ya juya yana duban bayan ɗakin, na bi idonsa. A tebur na ƙarshe, cikin baƙin da kamfani ya gayyato, ga Hammadu zaune, farantin shinkafa a gabansa, cokali a hannunsa. Ko wanke hannu bai bukata ba.

Aka kunna fitilu, aka ce waɗanda suka yarda a yi ginin su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na danne gwiwar Ilu, amma sai na ga hannun rigarsa yana tashi a hankali, har ya miƙe.

Na ce, "Alhaji, kabarinka fa ake haƙawa!"

Ya ce, "Na ci abincinsu, Zaidu. A gabanka na ci, har na ƙara."

A hanyar dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ko naɗe rigarsa ba. Washegari dattawa suka tare shi a ƙofar masallaci suna tambayar yadda ya ga kamfanin. Na zaci zai zage su Nuru tas. Sai ya ce, "Yaran nan sun san abin da suke yi. Kamfanin zai yi ƙiba. Mai hannu a ciki ya riƙe." Suka yi masa murna, wani har yana cewa Alhaji ya dace.

Ba a ko kafa tubalin ginin ba tukuna. Amma da motar Hammadu ta sake zuwa daga Garwa, bayan azahar ya shigo zaure shi kaɗai, ba jaka a kafaɗarsa. Mairama ta riga ta fitar da tire, tuwon shinkafa da miyar kuka, man shanu yana narkewa a kai. Ilu da Hammadu suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka tambayi iyali, da hanya, da ruwan bana. Ilu da kansa ya ɗauki buta ya miƙa masa.

Hammadu ya dubi butar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Alhamdu lillahi, maigida. Na ƙoshi."

Na buɗe baki in ce tun da nake ban taɓa ganin Hammadu ya ƙoshi ba, amma wasan ya ƙi fita. Ilu ya ajiye butar. Daga cikin gida Mairama ta ɗaga murya tana tambaya ko a ƙaro miya.

Ilu ya ce, "A'a, bar shi haka." Ya turo mini tiren. "Bawa, wanke hannu."