Na Kama Ofis a Saman Bene, Na Bar Babana a Zaure

A wancan lokaci, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ni matashin magidanci ne mai ji da kansa, ni kaɗai na yi lakwal, wato karatun boko, a gidanmu da ke bayan kasuwar Dembé. Sana'ata rubuta takardu. Fatake 'yan'uwanmu masu shigo da kaya daga Najeriya ta Kusiri ba sa jin Faransanci, Larabcin ma sai kame-kame, to ni nake cika musu takardun duwan, wato kwastan, in buga musu wasiƙa da tsohuwar tafireta. A zauren gida nake aikin, a nan kuma mahaifina yake wuni. Tun rasuwar mahaifiyarmu ciwon gwiwa ya kayar da shi, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda. Masu zuwa wurina su ne abokan hirarsa. Kafin in gama wa mutum takarda, Baba ya tambaye shi garinsu da yadda damina ta yi a can, ya ba shi labarin kakanmu da ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan har ƙarshen ransa. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma wallahi ya ishe ni.

Da aiki ya buɗe na sayi kwamfuta, manyan 'yan kasuwa suka fara zuwa da mota. Nan kunya ta fara kama ni. Ga akuya tana leƙowa, ga Baba da gwangwanin tofar da goro, ya tsare Alhaji mai sauri da surutu. Na ce lalle sai na kama ofis. Dillali ya nuna mini wuri biyu. Ɗaya shago ne a ƙasa, layi biyu daga gidanmu, da inuwar darbejiya a ƙofa. Ɗayan ɗaki ne a saman bene a unguwar Kabalaye, da fanka da tagar gilashi, matakalarsa a miƙe kamar tsani. Yayata ta ce in ɗauki na kusa, Baba zai riƙa lallaɓawa ya zauna a ƙofa. Na ce mata wuta ta fi zama a Kabalaye, kwamfuta kuma ba da inuwar bishiya take aiki ba. Batun wuta gaskiya ne. Amma yau zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da na ɗaga kai na ga matakalar nan, na san Baba ba zai iya hawa ba, kuma daɗi na ji.

Sau ɗaya ya zo. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki tasi, ya riƙo dabino a leda. Taki uku ya hau, gwiwa ta ƙi, ya zauna a wurin yana haki. Na sauko muka gaisa, na ce masa mutane suna jirana a sama. Ya ce ba komai, in je, wuri ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Wurin da ko ƙofarsa bai gani ba! Na karɓi dabinon na koma sama abina.

Kada ku ɗauka kasuwa ta karye. Ina! Aiki ƙaruwa ya yi, shi ya sa ban farga ba. Maiɗakina ta sha gaya mini cewa kullum da safe Baba yana sa ta share zaure ta ɗora shayi, har la'asar babu mai sallama. Na ce zai saba. Sannu a hankali ya rage magana, ya rage cin abinci, daga baya ya daina fitowa daga ɗaki. Likita ya ce bai ga wani ciwo ba, tsufa ne. Da hankalina ya fara tashi na koma neman shagon nan na ƙasa, na tarar mai sayar da taya ya shiga. Na ce bari shekara ta zagayo in nemi wani. Ba ta zagayo da shi ba. Da hantsi Baba ya cika, ina sama ina buga wa wani takarda.

Wurin zaman makoki wani dattijon falke ya riƙe hannuna yana hawaye. Ya ce in yi haƙuri da abin da zai faɗa, masu rubuta takarda suna da yawa a garin nan, shi don Baba ya fara zuwa gidanmu, domin a baƙon gari Baba ne kaɗai yake tambayarsa mutanen gida. Ya ce da na koma sama ya daina ganin Baba, sai ya ɗauka tsohon ba ya son a dame shi ne.

Na rubuto ne saboda masu ƙaramar sana'a a gida da Allah ya fara buɗa musu. Za ku duba wuta, ku duba titi, ku duba ko ruwa yana kwanciya da damina. Don Allah ku duba har da wanda kuke bari a baya, domin a gida akwai wanda shige da ficen mutanenku ne yake riƙe da shi, kuma ba zai buɗe baki ya ce ku zauna ba. Ni na sani, na rufe ido. Kullum ina roƙon Allah gafara, amma wanda ya kamata in durƙusa a gabansa in ce ya yafe mini, ba ya nan.