Matar da Ke Cikin Wayar Alhaji

Ko tsufa ya sa na soma rikita sunayen jikokina, ba na jin ranar da aka kira ni zuwa Al Sabkha, wata unguwar 'yan kasuwa a Dubai, za ta fita daga raina. Shekarata ta biyu ke nan a Dubai, ina gyaran kwamfuta a wani kamfani, ina zaune a unguwar Hor Al Anz da wasu Hausawa uku. Na sayi tsohuwar kyamara, kuma tun daga ranar kaina ya kumbura. Ko shayi aka ajiye sai na tsuguna na ɗauke shi ta ƙasa. Abokan zamana suka yar da sunana, sai Mai Hoto.

Ana nan sai ƙungiyar masu sha'awar hoto da nake ciki ta sa gasa, aka ce kowa ya kawo hoton da ke da wani hoto a cikinsa. Wasu suka nufi madubi, wasu allunan talla. Ni na ce nawa sai ya fi na kowa rai. Wata Juma'a bayan la'asar na shiga abra, ɗan jirgin katakon nan mai tsallakar da mutane ruwan Deira. Kusa da ni wani mutum ne da hula zanna, ya ɗan juya mini baya yana kiran bidiyo. A fuskar wayar wata mata ta ɗago jariri tana nuna masa, shi kuma ya kai yatsa yana shafa kumatun yaron ta kan gilashi, ga rana ta yi ja a kan ruwa. Na ɗauka. Ko sallama ban yi masa ba, balle neman izini.

Hoton ya shiga sahun waɗanda aka zaɓa. Aka sa shi a shafin ƙungiya, aka ce za a wanke shi babba a rataye ranar Asabar a wani gidan shan kofi. Kwana biyu ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Ranar Alhamis da rana wani abokin zamana, ɗan Kano mai aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida, ya kira ni a wurin aiki. Ya ce, "Mai Hoto, ka ɗebo ruwan dafa kanka. Hotonka yana yawo a wayoyin 'yan kasuwa, kuma an gane mutumin. Ya ce ka zo shagonsa a Al Sabkha da ƙafarka kafin ya je wajen 'yan sanda."

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Sai a lokacin na ga abin da kowane Bahaushe zai fara gani: matar tana zaune a bakin gadonta, ba ɗankwali, da ɗaurin ƙirji irin na mai jego. Kwana huɗu na yi ina gyara hasken hoton nan, amma wallahi ban ga wannan ba. Na san dokar garin, sa hoton mutum a intanet ba da yardarsa ba yana kai mutum kurkuku, yana kuma sa a kore shi daga ƙasar. Aikina da bizata na gani suna lilo.

Na same shi a wani ɗan shagon takalma a hawa na biyu. Ba tsoho ba ne, ba zai fi ni da shekara biyar ba. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, bai nuna mini kujera ba. Ga 'yan kasuwa huɗu zaune a gefe suna kallona.

Ya ce, "Malam, kana da aure?"

Na ce a'a.

"Shi ya sa. Wan matata ne ya kira ni daga Kano, ya tambaye ni ko ni na sa ƙanwarsa a kasuwa. Kwananta goma sha biyu da haihuwa. Tun jiya kuka take, ta ƙi cin abinci."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Alhaji, na yi kuskure, ba ni da bakin magana." Wani daga gefe ya ce, "Yalla, tashi a tafi ofishin 'yan sanda, khalas, magana ta ƙare." Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya dubi agogo. Ya ce ya ba ni zuwa kiran la'asar a cire hoton.

Na kira mai kula da shafin, bai ɗauka ba. Na sake kira, na tura saƙo, na sake kira. Ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Sai a kira na bakwai ya ɗauka, yana ta ba ni haƙuri wai hotona zai iya zuwa na ɗaya, in bari a rufe fuskar kawai. Na ce a cire shi gaba ɗaya, a fasa wankewa, na janye. Ladan yana fara kiran salla hoton ya ɓace daga shafin. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane kam, ba ni da yadda zan yi da shi, kuma har yau wannan yana ci na.

Na miƙa wa Alhaji kyamarar don ya ga ina goge na asalin. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Tsaya. Turo mini tukuna, sannan ka goge. Ɗan farina ne, kuma takarduna sun hana ni zuwa suna. Ba ni da wani hoton da muke tare da shi sai wannan."

Na tura masa, na goge nawa a gabansa. Ban iya haɗa ido da shi ba har na sauko daga benen.

Har yanzu ina ɗaukar hoto, amma tun daga ranar bakina ke riga yatsana, sai na yi sallama na tambaya. Na gane cewa duk fuskar da ta shigo kyamarata, komai ƙanƙantarta, ta wani ce mai mutunci da dangi, kuma kyan hoto bai mayar da shi nawa ba.