Sarƙar Baban Baya

Kafin rana ta ɗaga, ya riga ya buɗe shago. Yakan fara da shara, daga bakin ƙofa har gefen titi, sannan ya fito da benci da famfo, ya cika tsohon kwanon da yake tsoma robar taya a ciki don ya gano inda iska ke fita. Sifanoninsa na rataye a jikin allo, kowace da ƙusarta, daga babba zuwa ƙarama. In ya gama jera kaya sai ya ɗora gilashi a karan hanci, ya zauna jiran keken farko. Haka na san shi tun ina sabon malami a makarantar da ke bayan shagonsa, haka kuma yake har yau da furfura ta game min kai.

Sana'arsa gyaran keke, kuma a unguwarmu ba a haɗa shi da kowa wajen faci da ɗaurin birki. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani aiki ne daban da ya ɗora wa kansa, wanda ya shekara da shekaru yana yi ba tare da yawancinmu mun lura ba.

Mu wasu mutane ne masu hawan keke don nishaɗi da motsa jini. Akwai malamai, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikacin jinya, akwai kuma wani saurayi da muke kira Guguwa, don in ya taka feda sai dai ka ga bayansa. Duk ƙarshen mako mukan haɗu da sassafe a ƙofar shagon. Kafin a tashi, sai mai shagon ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya, ya danna taya da babban yatsa, ya matsa birki, ya girgiza sirdi. Daga nan mu ratsa kasuwa tun rumfuna suna rufe, mu haye gada, mu shiga tsakanin gonaki, har mu kai dogon hawan nan da ke ƙarewa a gindin wata babbar bishiya. A nan ake hutawa, a sha ruwa, a ɗauki hoto. Kafin mu koma gida hotuna sun cika zaurenmu na waya: ga shanu sun tare hanya, ga hasken safiya a kan ruwa, ga wani ya faɗa kwata yana dariya.

Ku duba hotunan nan duka, da wuya ku ga fuskarsa. In kun ga wani ɗan ɗigo can nesa a ƙasan hawa, to shi ne. Kullum shi ne na ƙarshe, bai taɓa wuce kowa ba. Shi ya sa muke ce masa Baban Baya.

Wani abin tsokana kuma, sarƙar kekensa ba ta da aiki sai zamewa. Guguwa ba ya raga masa.

"Baba, kai da kake gyara na mutane, naka kullum a kwance? Ka kawo shi in kai maka wajen makaniki mana."

"Kai dai tafi, ɗan nan," in ji shi. "Ranar da gwiwarka ta fara yi maka magana, za ka neme ni."

A yi dariya, a wuce.

Tela shi ne ya sa na gane abin da ke cikin wannan zamewar. Tela maƙwabcinmu ne, mai shagon ɗinki a bakin layi, mutum mai barkwanci da ba ya rabo da tsumman awo a wuya. Wata rana yana kan aiki hawan jini ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi. Likita bai ɓoye masa ba: in ya koma ya zauna wuri ɗaya, ciwon zai dawo, kuma dawowar ba za ta yi kama da ta farko ba. Tela ya ji, ya ce to, ya koma gida ya zauna. Mutumin da ya saba a taru a shagonsa ana hira, sai ga shi yana jin kunyar a ga yana jan ƙafa.

'Yarsa ce ta turo tsohon kekensa har shagon Baban Baya, taya duk a sace, sarƙa ta yi tsatsa. Ta ce, "Baba, ka taimaka min. Ni ya fi ƙarfina. In na yi magana sai ya ce na zama uwarsa." Baban Baya ya gyara keken, ya tura shi da kansa har ƙofar gidan Tela, ya yi sallama, ya ce ƙarshen mako yana jiransa, kuma ba zai tashi ba sai ya zo.

Tela ya zo. Cikin gari ya yi ƙoƙari, ya haye gada da ƙyar. Da aka fara hawa sai ƙafar ta ƙi. Muna can gaba, ba wanda ya waiwaya. Tela da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce ya sauka, zuciyarsa na bugawa, ya riga ya juya kan keken zai koma gida, ya kuma rantse a ransa ba zai sake fitowa a yi masa kallon nakasasshe ba. Sai ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa.

"Kash! Ta sake yi min halinta. Tela, don Allah zo ka riƙe min nan, hannu ɗaya ba ya yi."

Tela ya jingine kekensa ya riƙe. Baban Baya ya tsuguna yana ta juya feda, yana faɗa da sarƙa, yana ba shi labarin wani da ya kawo faci alhali ƙusar na maƙale a tayar. Kafin sarƙa ta hau, numfashin Tela ya dawo. Sai Baba ya ce shi kam ba ya son ya matsa mata a kan hawa, gara su tura. Suka turo kekunansu a ƙafa har gindin bishiya. Da suka iso, kowa ya hau Baban Baya da tsiya, shi ya tsayar da Tela, shi ya ɓata wa mutane lokaci. Ba wanda ya ce wa Tela komai sai sannu da haƙuri da tsohon nan.

Haka aka yi ta yi, mako bayan mako. Wurin da sarƙar ke zamewa ya riƙa matsawa sama kaɗan-kaɗan, har ranar da Tela ya hau duka bai sauka ba. A ranar sarƙar Baba ba ta ce uffan ba.

Ni kuwa na ga abin da idona ne wata safiya da na tsaya ɗaure igiyar takalmi, na zama a baya. Wani baƙo da ya biyo mu ya fara haki yana karkata. Ina kallo Baban Baya ya sassauta, ya sa diddige ya ɗan ture sarƙar gefe, ta faɗo. Sannan ya ɗaga murya yana salati kamar abin ya zo masa ba zato. Muka haɗa ido. Ya ɗan girgiza min kai, na gane, na wuce abina.

Kai ne, Baba, ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru don kada a yi wa wani. Kai ne mai gyara da ka bari ana cewa kekenka ba ya gyaruwa, alhali babu sarƙar da ta kai taka shan mai a garin nan. Ni malami ne, na san yadda yaro ke daina ɗaga hannu a aji daga ranar da aka yi masa dariya. Na daɗe ina neman hanyar da zan taimaki mai rauni ba tare da na nuna shi ba, sai ga ta a wajenka, a bakin hanya, hannu duk baƙin mai.

Bana gwiwa ta yi wa Baban Baya maganar da yake yi wa Guguwa alkawari. Ta kumbura, likita ya hana shi hawa, 'ya'yansa suka tsaya kai da fata. Ya sanar da mu a kan bencinsa, ba wani dogon bayani: zai ci gaba da duba mana kekuna, amma tafiya kam ya ajiye. Muka yi masa addu'a, muka tafi. Ba mu yi tunanin abin da hakan zai jawo ba.

Fitar farko ba tare da shi ba, Tela ya zama na ƙarshe, bayansa kuma babu kowa sai hanya. Ya iso bishiya mun riga mun huta, mun ɗauki hoto, wasu har sun fara juyawa. Ya juya kan kekensa ya biyo mu. Mako na gaba bai zo ba, na bayansa ma haka. Sai ga 'yarsa a ƙofar makaranta, ido ya yi ja.

"Malam, ya rataye keken a soro. Ya ce shi ba zai riƙa tsayar da mutane ba. Ƙafar kuma ta fara nauyi, da safe sai ya dafa bango. Ina tsoro, Malam."

Na kai maganar wajen Baban Baya. Ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon wando, ya ɗauki sandarsa, ya ce in raka shi wajen Tela, wandon na son a rage masa ƙafa. Muka same shi a kan keken ɗinki, yana takawa da ƙafa ɗaya. Aka gaisa, aka auna wando. Sannan Baba ya zauna a kan kujerar masu jira ya miƙe gwiwa.

"Tela, aiki na kawo maka, ba wandon nan ba. Baya babu kowa."

"Wane baya kuma, Baba?"

"Bayan tafiya. Akwai wani direban babbar mota da ya ajiye aiki, ya zo jiya na haɗa masa keke. Jiki ya yi masa nauyi, ga sukari. Hawan nan zai ba shi kashi, in kuma ba kowa a bayansa, ba za mu sake ganinsa ba."

Tela ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni da ake jira, ni zan jira wani? Ka sa Guguwa mana."

"Guguwa bai iya tafiya a hankali ba, ko an ɗaure shi. Kai ka iya. Kai ka san daidai inda ƙafa ke mutuwa a hawan nan, ka san abin da mutum ke faɗa wa kansa a wurin."

Tela ya murza zare a yatsa. Can ya ce, "To sai ka koya min yadda ake ture sarƙar da diddige."

Baban Baya ya zare gilashi ya dube shi.

"Haba Baba," in ji Tela. "Tun ina yaro nake taka keken ɗinki. Na san igiyar da ta zame da kanta, na san wadda aka ture. Tun rana ta biyu na gane."

"Shi ne ka bar ni ina ta tsuguno a kan gwiwar nan, ja'iri?"

"To ai hutun yana min daɗi."

Na daɗe ban ga dattijai biyu sun yi dariya irin ta ranar ba, har mai shagon kusa ya leƙo.

Ƙarshen makon nan da ya wuce, Tela ya sauko da kekensa daga inda ya rataye shi. Baban Baya ya danna tayoyinmu kamar kullum, ya ja Tela gefe suka yi ƙus-ƙus a kan feda, sannan muka tashi. Direba na ta fama, gumi har ƙeya. Ni ina gindin bishiya na waiwaya: can ƙasan hawa ga mutum biyu a tsaye, ɗaya a tsugune yana faɗa da sarƙa, ɗaya yana riƙe masa keke. Bayan ɗan lokaci suka taho suna turawa, suna hira. Guguwa ya ce, "Shi ke nan, cutar Baba ta kama Tela!" Direba kuwa yana isowa ya ce shi bai ga wahalar hawan ba, ba don keken Tela ya ba su matsala ba da tuni sun iso. Ya tambayi ƙarfe nawa ake haɗuwa mako mai zuwa.

Da muka dawo shago na nuna wa Baban Baya hoton a waya, ɗigo biyu a ƙasan hawa. Ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo keken Tela, ya juya feda, ya saurari sarƙar tana gudu sumul.

"Wannan sarƙar taka ba ta da kirki, Tela," ya ce. "Kada ka bari kowa ya gyara maka ita."

Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Ya ce, "Malam, kai da surutu, za ka ɓata mana sana'a." Na ce masa wanda ya gaji a kan hawa, ko ya san dabara ce, zai riƙe keken ya huta, ga Tela nan shaida. Ya ce to in rubuta, amma kada in sa hotonsa.

Ban sa ba, Baba. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da alheri a kan kowane tsugunon da ka yi saboda wani. 'Yar Tela ta ce in gaya maka babanta ya daina dafa bango.

Ku kuma masu karatu, duk inda kuke tafiya tare da mutane, a hanya ne, a aji ne, ko a wajen aiki, masu son gaba ba sa ƙaranci. Wani lokaci ku waiwaya ku ga wa aka bari. In kun same shi yana shirin juyawa, kada ku ce masa ya yi ƙoƙari. Ku nemi abin da zai riƙe muku.