Gwaggo da Fitsarin Mota

Gwaggona, yayar babanmu, shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Ita ce matar nan da ke bayan ƙaramar taga tana karɓar kwalaben fitsari, ta manna wa kowace suna, ta ɗaga ta a haske ta duba kafin ta miƙa ciki. Idan aka tambayi dangi, sai su ce "aikin asibiti take yi," su yi maza su canza magana.

Da ta yi ritaya sai ta sayi tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, don kai ƙwai daga gonar kaji zuwa shaguna. Tuƙi kuwa mijinta ya karɓa. Baba Masani muke ce masa, domin tunda na yi wayo ban taɓa jin an ambaci abin da bai sani ba.

Damina na kankama motar ta tsiri mutuwa. Ta tashi lafiya lau da safe, ta ɗan yi tafiya, sai ta fara shessheƙa, ta yi farin hayaƙi, ta mutu. Kuma ba ta mutuwa a lungu. Sai ta zaɓi tsakiyar mahaɗa, da kiret sittin na ƙwai a baya, ana ta yi wa Baba ham kamar ango.

Baba ya kai ta wurin bakanikensa, babban gwani, mai gano cuta tun kafin a buɗe bonet. Bakaniken ya ce filtar mai ce. Aka canza, motar ta yi kwana biyu cur tana godiya, ta mutu. Ya ce iska ce ta shiga tiyo, aka zuƙe. Ya ce famfo ne. Ya ce nozul ne, aka canza duka biyun. Kullum Baba ya dawo gida ya ce, "Abin da na faɗa ke nan tun farko."

Ranar da bakaniken ya yanke hukuncin sauke inji gaba ɗaya, Gwaggo ta yafa mayafi ta ce in raka ta gareji. A jakarta akwai wata kwalbar zuma da ta wanke tas.

"Sannu da aiki, ɗana," ta ce. "Kafin a yi wa mara lafiya tiyata, a ɗan ba ni fitsarinsa."

Bakaniken ya dubi Baba. Baba ya dubi rufin kwano.

"Hajiya, wannan fa inji ne," in ji bakaniken.

"Na gani. Ba shi da inda yake ɗiga?"

Yana murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya kwance wani ɗan noti a ƙasan filta ya tara mata rabin kwalba. Ta ɗora a kan benci, ta zauna, ta ce kada kowa ya taɓa. Minti goma muna tsaye. Da ta ɗaga kwalbar a haske, man ya taso sama, a ƙasa kuwa ga wani abu garau ya kwanta, kaurin yatsa biyu.

"Ruwa take sha," in ji Gwaggo.

"Dama ina zargin haka," in ji bakaniken.

Baba ya harzuƙa. "Gidajen man nan! Ba sa tsoron Allah."

"Wane gidan mai, Malam?" in ji Gwaggo. "Yaushe rabonka da shiga?"

Ashe tun bazara Baba ya gano cewa wawaye ne kaɗai ke bin layi. Ya sayi duro guda na dizal ya ajiye a bayan gida. Murfin ya ɓata, sai ya rufe bakin da leda, ya danne da dutse, ya tura duron jikin bango don inuwa, daidai ƙarƙashin indararo. Duk ruwan saman da aka yi, sai da Baba ya sami rabonsa, kuma kowace safiya ya zura tiyo har ƙasa ya ɗura wa motar da hannunsa.

Aka juye tanki, aka wanke, aka sa sabuwar filta. Motar ta daina mutuwa. Tsohon famfo da nozul, masu ƙoshin lafiya, bakaniken ya ce zai "ajiye mana."

Baba bai karaya ba. Cikin mako guda duk unguwa ta ji yadda ya gano ruwa a dizal da kwalbar zuma. Gwaggo ba ta musa ba. Makarantar koyon tuƙi kawai ta shiga, tana da shekara sittin da biyu, ta faɗi jarrabawa sau biyu, ta ci a ta uku.

Yanzu ita ke tuƙi. Ba ta wuce giya ta biyu, masu keke na wuce ta suna gaishe ta. Baba yana zaune a gefe da kiret ɗaya a cinya, yana nuna mata hanyar shagunan da take zuwa kullum.