Gwaggo Kulu Ba Ta Taɓa Riƙe Takobi Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Tijjani mai rubuta allon shaguna a Jakara. A shekarun baya idan wannan lokaci ya zagayo, nakan dafa abinci in aika masallacin unguwa, in yi masa addu'a, in ci gaba da harkokina. Bana ma na yi duk wannan, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanda yake neman rubutun ta'aziyya mai sanyi ya yi haƙuri ya buɗe wani shafin, domin ni a fusace nake, kuma ba zan ɓoye ba.

Mutanen kasuwa sun san Malam da fenti da buroshi. Allunan shagunan turare da na yadi da yawa a bakin kasuwar Kurmi hannunsa ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne son da yake yi wa littattafan zane, waɗanda yara ke kira komik: labari cikin hotuna, kowane shafi an raba shi gida-gida, maganar mutane a cikin 'yar da'ira a saman kansu. Ranar da aka kai ni gidansa a Madabo, na tarar sun cika akwatin ƙarfe biyu a ƙarƙashin gado, inda ya kamata in jera kwanukana. Na yi fushi a ranar. Kafin shekara ta zagayo, ni ce nake ɓoye masa sabon da ya sayo har sai na gama.

Wajen masu sayar da tsofaffin littattafai yake tsinto su. Wasu na Turanci, wasu na Larabci, wasu kuma na mutanen Japan waɗanda ake buɗewa daga dama. Yakan ce waɗannan ba su taɓa ba ɗan Kano wahala ba, tunda mu ma daga dama muka fara koyon karatu.

Kowace Juma'a bayan la'asar ana majalisa a soron gidanmu. Ba su da yawa. Akwai malaman firamare biyu, da wani tela, da Ɗanladi mai tuƙa adaidaita sahu, da Auwalu, wanda a lokacin ɗalibi ne a jami'a. Kowa zai zo da abin da yake karantawa a makon. Malam ba ya yarda mutum ya ce “ya yi kyau” ya yi shiru. Tambayarsa kullum ita ce: “Me kake karantawa, kuma me ya ba ka haushi a ciki?” Daga nan musu zai kaure. Ina tsakar gida ina tace zoɓo, ina jin komai. Na tuna ranar da Ɗanladi ya buga littafi a kan tabarma ya ce, “Wannan ƙaton yana ɗaga tirela da hannu ɗaya, amma tun farkon labari har ƙarshe bai je ya gaida mahaifiyarsa ba. Wane irin jarumi ne wannan?” Tela ya ce ai maraya ne. Ɗanladi ya ce to ba shi da gwaggo? Sai da kiran magariba ya raba su.

Idan ina da nawa ra'ayin, nakan ɗan buga ƙyauren soro. Malam ya leƙo, in gaya masa, ya koma ya ce, “Maman Ummi ta ce duk ba ku fahimci shafi na ƙarshe ba.” Su yi dariya, sannan su buɗe shafin su sake dubawa.

A wannan musu ne Gwaggo Kulu ta samo asali. Malam ya gaji da jaruman da ba su da dangi, ba su da unguwa, ba sa cin tuwo. Ya ce zai zana namu. Ya ƙirƙiri wata tsohuwar ungozoma, gajera, mai ciwon gwiwa, wadda ta yanke cibiyar kusan duk wanda ke unguwarsu, saboda haka babu ɗan daba ko attajirin da zai iya kallon idonta ya yi mata ƙarya. Idan yaro ya ɓata, ko aka yi sata, ko 'yan uwa suka yi rikici a kan katanga, ita ake kira. Makaminta carbi da baki. Shekara huɗu ya yi yana zana ta, bayan sallar asuba kafin ya fita shago. Ya zana lungunan Madabo da Shahuci yadda suke, da indararo, da kwata, da awaki a kan juji. Da yake rubutun hannuna ya fi nasa ƙanƙanta, ni nake cika da'irorin maganar. Duk abin da Gwaggo Kulu ta faɗa, da hannuna aka rubuta shi, wani ma daga bakin kakata na ɗauko.

Bai gama ba ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai, yayansa, wanda muke kira Yaya Alhaji, ya shigo ɗakin ya ga akwatunan. Ya ce hotuna ne, kuma ba zai bari su zame wa ɗan uwansa nauyi a kabari ba. Ina cikin takaba, ba ni da bakin magana a gaban mazan gidan. Aka fitar da littattafan can bayan gidanmu aka cinna musu wuta. Ban taɓa zargin Yaya Alhaji da mugunta ba. Abin da ya yi imani da shi ya yi, kuma a gaban kowa ya yi. Takardun zanen Gwaggo Kulu kuwa, Auwalu ne ya durƙusa ya roƙa. Ya ce a ba shi ya ajiye a wajensa, ba za su kwana a gidan ba. Da zai fita ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Anti, amana ce. Duk ranar da Ummi ta girma, nata ne.” Na yi kuka, na sa masa albarka.

Majalisa ta watse, daga baya ta koma cikin waya. Suka buɗe guruf, suka sa ni a ciki don girmamawa. Yanzu mutanen da ke ciki sun fi ƙarfin soro, daga garuruwa daban-daban, yawancinsu ba su san Malam ba. Har yanzu duk Juma'a ana tambayar me kowa yake karantawa. Sai dai amsar ta canja. Mutum zai ɗauki hoton bangon littafi ya tura, ya rubuta “ya haɗu”, wasu su bi shi da hoton wuta da na tafi. Da wuya ka ji wanda ya ce ga abin da ya dame shi a shafi kaza. Na daɗe ina ganin haka ina yin shiru, ina cewa zamani ne.

Watan jiya kowa littafi ɗaya yake karantawa. Sabo ne, mai sheƙi, da launuka, cikin Turanci, wani kamfani daga kudu ya buga. Ba zan faɗi sunansa ba don kada in yi masa talla. A bangon an rubuta: labari da zane, Auwalu. Suka yi ta tura shafukan. Wani ya rubuta cewa wannan ne karo na farko da aka zana Kano yadda take. Wata ta ce ta ga lungun gidan kakarta.

Ni ma na ga lungun gidanmu. Na ga indararon da ya karye a gidan maƙwabcinmu, wanda aka gyara tun kafin a yaye Ummi. Na ga kyanwa mai yankakken kunne da Malam yake sakawa a kusurwar kowane shafi a madadin sa hannu. Ko ita Auwalu bai goge ba, don bai san me take yi a wurin ba. Abu ɗaya ya canja. Ya cire tsohuwar, ya sa wata budurwa doguwa, fara, mai gashi har baya, da matsattsun kaya da takobi, tana tsalle daga soro zuwa soro. Ya canja mata suna. Amma maganar da ke bakinta tawa ce, an juya ta Turanci. Kalaman da tsohuwa ke faɗa wa mutumin da ta yi wa wankan farko a duniya, yanzu yarinya ce ke faɗar su da tsinin takobi a wuyansa. Ba su da ma'ana kuma. Kuma babu ko mutum ɗaya a guruf ɗin da ya lura.

Na rubuta musu gaskiya cikin ladabi. Na ce wannan aikin Malam Tijjani ne, ga yadda aka yi ya fita daga gidanmu. Wani yaro da ban sani ba ya ce hassada ce. Wata ta ce Hajiya a kawo hujja. Mai kula da guruf ya ce ba a son rigima, ya cire ni. Wannan bai ƙona min rai ba kamar shirun waɗanda suka sani. Malaman nan biyu suna ciki. Tela yana ciki. Sun zauna a tabarmata, sun sha zoɓona, sun riƙe waɗannan shafuka da hannunsu tun tawada ba ta bushe ba. Na ga alamar sun karanta saƙona. Mutanen da suke iya ɓata yammaci guda suna musu a kan jarumin da babu shi a duniya, sun kasa buɗe baki a kan mutumin da suka ɗauki gawarsa. Daga baya ɗayansu ya aiko matarsa ta ce min in yi haƙuri, Auwalu ya zama babban mutum, kuma yana taimakon yaransu da neman makaranta.

Auwalu ya zo da kansa, da mota, da turmin atamfa a leda. A soron nan dai muka zauna.

Ya ce, “Anti, da ban ɗauke su ba, da toka suka zama. Ni na raya su.”

Na ce, “Gaskiya ne. Shi ya sa na sa maka albarka. Ina sunansa?”

Ya ce masu bugawa ba sa son labarin tsofaffi, kuma ba za su karɓi aikin mamacin da ba a sani ba. Ya ce shekara biyu ya yi yana gyarawa a kwamfuta. Ya ce a bugu na biyu zai sa sadaukarwa ga malaminsa, Marigayi Tijjani.

Na ce, “Sadaukarwa ana yi wa wanda bai taɓa aikin ba. Shi ya zana, ni na rubuta, kai ka shafa launi. Haka za ka rubuta. Kuma Ummi ta girma. Ina amanarta?”

Ya sunkuyar da kai, ya ce takardun sun ɓata lokacin da ya tashi daga gidan haya. Na miƙa masa ledarsa na ce ya gaida gida.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Malam zai ce. Na san shi. Ba zai fara da maganar suna ba. Mutumin da ya yi shekaru yana rubuta sunayen wasu a allo, nasa ba ya kan ko ɗaya, ba wannan ne zai fara damunsa ba. Zai buɗe littafin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ina aka kai tsohuwar. Zai ce duk wahalar da ya sha don ya nuna cewa mace mai ciwon gwiwa ta isa ta riƙe labari ne, ga shi an mayar da ita irin waɗanda ya gudu daga gare su. Kuma zai fi jin ciwon masu karatun da suka haɗiye wannan ba tare da ko tari ba. Wataƙila daga ƙarshe ya yafe. Yana da saurin yafiya. Ni ba shi ba ce. Ina son sunansa a bangon, kuma zan ci gaba da faɗa har sai an sa, ko ni ma a ɗauke ni.

To me ya rage na Malam Tijjani? Littattafansa sun ƙone. Allunansa ana ta sauke su ana sa na roba masu fitila. Zanensa yana yawo a hannun mutane da sunan wani. Idan da takarda ake auna mutum, to babu abin da ya bari.

Ɗanladi ba ya cikin guruf, don wayarsa ƙarama ce. Sai makon jiya labari ya kai masa. Ya zo ya yi sallama, ya ƙi zama, ya ce, “Maman Ummi, fito ki gani.” Na sa mayafi na fita bakin lungu. A bayan adaidaita sahunsa, inda direbobi ke rubuta addu'a ko habaici, ya sa an rubuta da jan fenti, manya-manya: MALAM TIJJANI NE YA ZANA GWAGGO KULU. Rubutun a karkace yake. Da Malam ya gani, da ya karɓe buroshin daga hannun wanda ya yi.

Na ce, “Ɗanladi, ai babu wanda ya san ta da wannan sunan.”

Ya ce, “Shi ya sa. Duk wanda ya shiga sai ya tambaya wace ce. Ni kuma ba na sauke mutum sai na gama ba shi labari.”

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa. Wanda kuma ya tari wannan adaidaita sahun tsakanin Jakara da Shahuci, kada ya shiga in yana sauri.